Katantanwar da Ta Kore Ni Daga Masar

Na sauka Alƙahira ina ɗan shekara goma sha biyar, da akwatin kwano, da ƙullin kilishi, da gargaɗi guda da Inna ta yi ta cusa mini a kunne har ya fara fita ta ɗayan: kada in taɓa ƙarfe. Ba ta ce kada in yi sata ba, ba ta ce kada in bi 'yan banza ba. Ƙarfe kawai.

Gidanmu gidan maƙera ne, amma ba masu fartanya da lauje ba. Mu bindiga muke ƙerawa, kuma ciwonmu shi ne ba ma iya barin ta yadda muka same ta. Kakana ya ƙera adaka mai baki biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wai saboda maharbin da kura ta zagayo wa. Tun ranar da ya gwada ta, da kunne ɗaya yake jin kiran salla. Babana ya ƙera mai lanƙwasasshen baki don harbin gada daga bayan kuka, harsashin ya zagaya kukar ya dawo ya cire masa hula. Hatta Gwaggo Tabawa, da ba a bari ta shiga maƙera, ta haɗa abin korar tsuntsaye a gona. Ya kori tsuntsayen, ya kori maƙwabta, ya kori mai gonar. In mu shida muka sa hannu a akushin tuwo, yatsun da za ka gani na mutum huɗu ne.

Ni kuwa tausayin Inna ne ya ja mini. Na ga daka na ba ta wuya, sai na haɗa mata taɓarya mai daka kanta da robar tayar mota da reshen darbejiya. Taɓaryar ta huda rufin ɗakin girki, a gidan liman aka tsinto ta. Washegari Inna ta sa aka kai saniyarta kasuwa, ta ce karatu zan tafi Masar wurin Baffa Ilu, ƙanin babana, wanda ya gudu daga maƙera tun yana saurayi ya zama direba a ofishin jakadanci. Duk gidanmu shi kaɗai ne namiji babba mai yatsu goma.

A filin jirgi ban ga Baffa ba. Ashe wanda aka ba sallahu ya gaya masa wata rana daban. Ina tsaye ina raba ido sai ga wani direban tasi mai gashin baki kamar tsintsiya ya rungume ni, har ƙafata ta bar ƙasa. Na ce masa da Larabcin makarantar Islamiyya Ilu nake nema, a Dukki, unguwar da ofishinsu yake.

"Ilu!" in ji shi, ya dafe ƙirji. "Ɗan'uwana ne. Yalla!"

Muka yi ta tafiya. Muka haye kogi, muka sake haye kogi, muka kuma haye wani, har na ce a raina lalle Masar ta fi kowace ƙasa yawan koguna. Sai daga baya na gane Nilu ɗin nan ne guda, kai da kawowa muke yi a kansa. Da rana ta yi sanyi ya tsaya gaban wani dogon bene, ya nuna mini wasu baƙaƙen samari a taga, ya ce ga dangina nan. Ya karɓe abin da ke aljihuna, ya shinshina ƙullin kilishin ya haɗa da shi, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya tafi.

Na zauna kan akwatina. Ba kuka na yi ba, idanuna ne suka yi gumi.

"Kai, ɗan wa ne nan da akwatin amare?"

Hausa ce, daga sama. Ban taɓa jin abu mai daɗin zagin nan ba. Mai maganar wani ɗalibi ne ɗan Maraɗi, sunansa Mamman, dogo siriri kamar an ja shi da igiya. Ya ce nan Hayyus Sabi'i ne, unguwar ɗalibai, tsakaninta da Dukki sai an yi guzuri. Ya hau da ni ɗakinsu, inda mutum takwas ke kwana a wurin mutum uku, ya zuba mini shinkafa da wake da mai da yaji. Ya ba ni katifarsa, shi ya kwana kan sallaya. Da safe ya ɗora akwatina a kansa muka tari bas. Bas ɗin Alƙahira ba ya tsayawa, rage gudu kawai yake yi don ya ga ko da gaske kake. Ni dai ƙafata ɗaya ce ta samu shiga, sauran jikina a waje ya yi tafiyar.

A Dukki Mamman ya danƙa ni a hannun Baffa, ya ƙi karɓar ko kuɗin komawa. Ban ƙara ganinsa ba. Allah ya saka masa duk inda yake.

Baffa Ilu gajere ne, mai tsabta, mai aski ƙwal. Bai tambaye ni gajiya ba. Ya buɗe akwatin nan a bakin titi ya yi ta lalube, har ya zaro ƙaramin magagarina, abin goge ƙarfe, da na ɓoye cikin ƙafar wando. Muna bisa gada ya cilla shi cikin Nilu.

"Saurara, Nasiru. Na yi wa mahaifiyarka rantsuwa. Ran da ka ƙera ko da allura ce a garin nan, ran nan za ka koma gida. Ka ji?"

"Na ji, Baffa."

"Ba ka ji ba. Jininmu ba ya ji. Amma na faɗa."

Jirgin ƙasa ya kai mu Ma'adi, unguwar itatuwa da shiru, inda kare ma da ladabi yake haushi. Baffa yana haya a ɗakin bayan wani tsohon gida mai bene, cikin lambun da ciyawa ta cinye. A hanya ya gaya mini mai gidan Bayahude ne, in gaishe shi da kyau, kada in dame shi. Na yi ta leƙe ina jiran ganin wani abin mamaki. Sai ga tsoho da silifa da rigar barci mai zane-zane, yana zagin rediyo saboda ƙungiyarsa ta ɓarar da ƙwallo. Kowa a layin Ammu Musa yake ce masa, wato Kawu Musa.

Watannin farko ba su yi mini daɗi ba. Ful da safe, wato dafaffen wakensu, ful da rana, da dare kuma abin da ya rage na ful. A makaranta in na buɗe baki yara su fashe da dariya, wai ina magana kamar mai huɗuba. Na je sayen burodi, mai shagon ya kira matarsa ta zo ta ji. Amma abin da ya fi cina shi ne shiru. A gida ƙarar masaba kan uwar maƙera ce ke tashe ni, ita ce kuma ke sa ni barci. A nan babu. Sai in samu cokali in zauna gindin matakala, in riƙa buga wa ƙarfen dogarawa irin bugun babana: biyu masu nauyi, ɗaya mai sauƙi. A ganina wannan ba ƙira ba ce, gaisuwa ce.

Wata yamma taga ta buɗe a sama.

"Ya walad! Kai yaro! Ko ka fasa mini gidan gaba ɗaya ka huta, ko ka hawo ka sha shayi."

Na zaɓi shayi.

Ɗakin cike yake da kujerun da aka lulluɓe da farin ƙyalle, kamar taron fatalwa. Hotuna ko'ina. Ya ce 'ya'yansa ne da jikokinsa, duk sun bar ƙasar tuntuni, wasu Faransa, wasu wani wurin. Na ce shi me ya zauna yi?

"Matata na kwance a maƙabartar Basatin. In na tafi wa zai riƙa kai mata gulmar unguwa?"

Ni na zuba shayin, don yatsunsa duk sun lanƙwashe da sanyin ƙashi, kamar saiwar rogo. Da tafin hannu biyu yake ɗaukar kofi. Daga ranar kullum in na dawo makaranta sai in hau. Ya gyara mini Larabci, ya koya mini na kasuwa, har da zagin da ya kamata in yi wa direban tasi in Allah ya sake haɗa mu. Ni kuma na ba shi labarin gidanmu, sai dai ban gaya masa sharaɗin Baffa ba. Ranar da na kai kan labarin hular babana sai da na buga masa baya, don dariya ta sarƙe shi.

Da sanyi ya shigo, ya sa na ɗauko masa wani gwangwanin alewa daga saman kabad. A ciki akwai wani ɗan abu na dalma, bai fi babban yatsa ba, mai gefe huɗu da tsini a ƙasa da ɗan mariƙi a sama. Kowane gefe da harafi irin nasu. Ya ce mahaifinsa ne ya zo da shi a aljihu daga wata ƙasar ƙanƙara, Masarawa na ce wa irinsa nahla. Na ce a garinmu katantanwa ce, da ƙoƙon dodon koɗi muke yi.

Wasan ba wuya. Kowa da tulin gyaɗarsa, a zuba a tsakiya, ka murza. In ta faɗi kan wannan harafi ka kwashe duka, kan wancan ka ɗebi rabi, kan na uku ba ka ci ba, ba a ci ka ba, kan na huɗu ka ƙara zubawa. In an tashi a haɗa gyaɗar a cinye tare. Ni tun ana wasa nake cinye jarina, shi ya sa kullum nake karyewa da wuri.

Matsala ɗaya ce: Ammu Musa ba ya iya murzawa. Ni nake murza tawa, in murza tasa. In ta faɗi ba daidai ba ya ce da gangan na yi, ɓarawo ɗan ɓarayi. In ta ba shi duka, sai ya tura gyaɗar gabansa ba ko murmushi.

"Ammu, ai ka ci."

"Hannunka ya ci. Ni kallo na yi."

Ya ce bikinsu na fitilu ya kusa, kwana takwas, kowace yamma a ƙara kyandir ɗaya a taga. A da, a kan teburin nan, shi ke fara murzawa kafin yara. Ya kama ɗan mariƙin da yatsun nan nasa, ya yi ƙoƙari, ya sake yi. Katantanwar ta kife kamar buguwa. Ya ce ma'alish, wato ba komai, ya mayar da ita gwangwani.

Wallahi na yi niyyar kama kaina. Na tuna Inna da saniyarta, na tuna fuskar Baffa a kan gada, na tuna na fara jin daɗin garin nan, har ful ya fara yi mini ɗanɗano. Amma a kusurwar ɗakin akwai mataccen agogon tebur da karyayyar lema, kuma duk inda na juya suna kallona.

Na roƙe su, ya ba ni. Kullum Baffa ya fita aiki sai in shige bayan lambu da wuƙar kicin da ƙusa da dutse. Na ciro sifirin agogon, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ake ɗanawa, na lanƙwasa ƙarfen lema ya zama baki mai kama mariƙin katantanwa, na kafa duka a kan katako. A zuciyata abin taimakon tsoho nake haɗawa. Da na gama na ja baya na duba, sai na ga yana da gindi, yana da dogon hanci, yana da kunama, sak bindiga. Ban san lokacin da na sa masa kunama ba. Hannuna ne ya sa.

Yammar farko ta biki ya kunna kyandir, ya yi addu'arsa, ni ina gefe da abina a ƙarƙashin riga. Na ajiye a tebur.

"Mene ne wannan? Yaƙi za mu yi?"

"Ammu, ka danna nan kawai."

Na ɗana, na saka katantanwar. Ya ɗora gefen hannunsa kan kunamar ya danna.

Ta murzu kam, wannan ba a ƙwace mini. Sai dai ba ƙasa ta yi ba. Ta yi wata ƙara kamar zuma ta haukace, ta wuce ta gefen kunnen Ammu Musa, ta kashe kyandir, ta fita ta taga. Muka kasa kunne. Daga lambu muka ji ƙwas, sannan muka ji salati da Hausa.

Baffa ya dawo da wuri, yana alwalar magariba.

Ya hawo a hankali, hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ƙulu ya taso a goshinsa kamar ƙwan zabo. Ya gaida Ammu Musa da ladabi, ya ajiye masa katantanwar. Sannan ya dubi abin da ke tebur, ya daɗe yana dubawa.

"Nasiru, sauka ka haɗa kayanka."

Da Ammu Musa ya gane zancen sai ya miƙe, kujera ta faɗi. Ya ce laifinsa ne, shi ya ba ni agogon. Ya ce yaro ne mai kai, a bar shi ya yi karatu. Ya ce ya yafe hayar ɗaki har abada. Har ya ce to a bar wa katantanwa ta yanke hukunci, in ta faɗi kan duka in zauna.

"Ammu," in ji Baffa, "ka fi ƙarfin komai a wurina. Amma rantsuwa na yi wa uwarsa, ba gyaɗa na zuba ba."

Ya ɗauki abina ya sa a hammata muka sauka. Na ɗauka Nilu zai kai shi. Daren nan ban ci ful ba, shi ma bai ce in ci ba.

Washegari Juma'a, ba aiki. Ina kwance na juya wa duniya baya sai na ji ƙarar ƙarfe a bakin ƙofa. Na leƙa. Baffa ne zaune kan tabarma, ya wargaza abin gaba ɗaya, ya jera gunduwa-gunduwa a gabansa.

"Wane jaki ne ya ɗaure sifiri a nan?"

"Ni ne, Baffa."

"Na sani. Ƙarfin duk gaba ya tafi. So kake ta juya ko so kake ta kashe gada? Miƙo mini magagari."

"Baffa, ai ka jefa shi a kogi."

Ya ɗago ya dube ni, ƙulun goshinsa na sheƙi.

"Yi mini shiru. Je ka wurin mai gyaran keke ka ce ina gaisuwa, ya ara mini nasa."

Ban taɓa ganin hannu irin na Baffa ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe da sitiyari, amma ƙarfe na ganinsa ya kwanta. Ya rage sifirin, ya juya bakin ya kalli ƙasa, ya yi wa katantanwar zobe da zai sake ta a hankali. Ya cire kunamata ya wurgar cikin ciyawa, ya fasa bakin ludayin miyarmu ya kafa a wurin, mai faɗi, yadda tafin hannu zai danna ba sai da yatsa ba. Yana aiki yana waƙar zuga ta gidanmu ƙasa-ƙasa, bai san yana yi ba. Saura kaɗan mu rasa Juma'a.

A hanyar masallaci na gwada sa'ata.

"Baffa, tunda kai ma ka taɓa..."

"Ni ba a yi rantsuwa a kaina ba. Akwai wani Alhaji mai kayan atamfa da zai koma Kano ƙarshen mako mai zuwa. Da shi za ka tafi."

Da yamma muka hau mu biyu. Ammu Musa ya kunna kyandir biyu, ya sa Baffa ya rufe taga, ya kuma matsar da hoton matarsa daga saiti. Ya ɗora tafinsa kan ludayin. Ya danna.

Katantanwar ta sauka tsakiyar tebur tsaye cak, tana wani siririn kuka. Ta yi ta juyawa. Shayi ya huce tana juyawa. Ina jin da na je gida na dawo zan tarar da ita. Tsohon bai ƙifta ido ba. Da ta gaji ta yi tangaɗi ta faɗi, sai ga harafin ƙara zubawa, mafi muni a cikin huɗun.

Ya fashe da dariya har da hawaye.

"Na faɗi! Kun gani? Ni na faɗi, da hannuna!" Ya tura gyaɗarsa tsakiya da murna kamar wanda aka yi wa albishir. "Ɗana mini kuma, ya Nasir. Yalla, yalla!"

Sauran yammacin bikin duk a teburin nan na yi su. Kyandirori na ƙaruwa, kwanakina na raguwa, ba wanda ya tayar da zancen. Baffa yana zama bakin ƙofa da carbinsa, wai shi ba ya wasan yara, ya zo duba sifiri ne. Ranar tafiya Ammu Musa ya sauko har ƙofar lambu, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya kama kaina da tafukan nan nasa biyu, kamar yadda yake ɗaukar kofi, ya yi wata addu'a da harshensu. Ban ji ko kalma ba, na ce amin.

A gida Inna ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Babana kuwa ya bari sai da ta shiga ɗaki, ya ja ni bayan maƙera, ya rage murya.

"Daga bene har goshin Ilu? Da sifirin agogo kawai? Zana mini a ƙasa in gani."

Yanzu shekara biyu ke nan. Ina makarantar sakandare a nan kusa, ina taya babana zuga ran Asabar. Wani lokaci ina tsakiyar cin tuwo sai in ji ina kwaɗayin ful, abin kunya, ba na gaya wa kowa. Da sanyin bana ya shigo na yi ta tunanin wa zai ɗana wa tsohon nan abinsa, don dannawa kawai yake iyawa.

Makon jiya Alhajin atamfa ya biyo ta garinmu. Na tare shi tun bai sauko daga mota ba, na tambaye shi mutanen Ma'adi.

"Lafiya lau suke. Sai dai baffan nan naka ban gane masa ba. Na je da yamma ban same shi a ɗaki ba, sai ihunsa na ji daga bene, wai tsoho ya cuce shi rabin gyaɗa. Sai da na hau na same su a tebur."

Na ce a wace kujera yake zama?

"Ta kusa da taga."

Tawa ce.